Lasisin Windows: wane ne ake iya cirewa a kai wata kwamfuta, wane ne ba ya barin gida?

Daga Dambatta zuwa Makoda, daga Bichi zuwa Kunchi da Tsanyawa, da wuya ka samu garin da ya amsa sunansa gari amma babu ɗan shagon buga takardu. Kwamfuta ɗaya ko biyu, firinta, faifan sola a kan rufi, sai janareta a gefe don ranar da hadari ya rufe sama. Galibin masu shagunan nan matasa ne, kuma jarin da yawansu kuɗin riɗi ne ko na gyaɗa da aka sayar bayan kaka. A nan ake fitar da sakamakon WAEC da NECO, a buga katin biki, a koya wa yara riƙe linzamin kwamfuta, tunda tun 2015 JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da na Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta ma a irin waɗannan shaguna da yawansu suke buga aikin makaranta.

To, kwamfutocin nan sun shiga wani yanayi. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 sabunta tsaro na yau da kullum. Ita kuma Windows 11 tana da sharuɗɗa: a hukumance sai kwamfuta mai guntun tsaro na TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen daga jerin 2000. Tsofaffin kwamfutocin gwanjo da suka cika ƙauyukanmu da yawansu ba su kai nan ba. Shi ya sa ake ta shiga Kano, Farm Centre ko titin Beirut, ana neman canji. Kuma duk wanda ya taɓa biyan kuɗin lasisi, tambayarsa ɗaya ce: zan iya cire Windows ɗina daga tsohuwar in ɗora a sabuwar, ko kuɗin ya bi ruwa?

Amsar ta dogara da irin lasisin da ke hannunka, domin ba iri ɗaya ba ne.

Akwai wanda ake kira OEM, wato wanda HP ko Dell ko Lenovo suka ɗora tun daga masana'anta. Wannan kamar rijiyar da aka haƙa a gona ne. In ka sayar da gonar, rijiya ta bi ta, ba ka ciccibarta zuwa sabuwar gona. An ɗaure shi da babban allon kwamfutar, wanda masu gyara ke cewa bod, kuma yarjejeniyar Microsoft ba ta ba ka damar kai shi wata na'ura ba. Sai kuma wanda ake kira Retail, wanda mutum ya saya daban da kuɗinsa. Shi kamar garma ne: ka ɗauke ta ka kai duk gonar da ka ga dama, amma ba ka huɗa da ita a gona biyu a lokaci guda. Kana da ikon mayar da shi wata kwamfutar, da sharaɗin ka cire shi daga ta farko. Na uku shi ne Volume, wanda ma'aikatu da makarantu da kamfanoni ke saya da yawa. Wannan ba naka ba ne ko kaɗan, na ma'aikatar ne, ko da kuwa kwamfutar ta faɗo hannunka ta hanyar ciniki na halal.

Gane wanda kake da shi ba ya cin minti biyu. Ka buɗe Command Prompt a matsayin mai iko da kwamfutar, ka rubuta slmgr /dli, ka danna Enter. Wani ɗan akwati zai fito. A layin bayani za ka ga ɗaya daga cikin kalmomin nan: OEM, ko RETAIL, ko VOLUME. A ƙasa kuma zai nuna maka haruffa biyar na ƙarshen makullinka.

Amma fa a nan akwai wani rami da mutane da yawa ke faɗawa. Kwamfutar da ta zo da Windows 7 ko 8 aka ɗaga ta kyauta zuwa Windows 10, sau da yawa RETAIL take nunawa, alhali asalin lasisin OEM ne. Ka dubi haruffan ƙarshen nan. In ka ga 3V66T a kan Pro, ko 8HVX7 a kan Home, to makullin gama-gari ne wanda miliyoyin kwamfutoci ke ɗauke da shi. Ainihin shaidarka tana wajen Microsoft, an rubuta ta da siffar na'urarka, abin da suke kira lasisin dijital. Ko ka kwafe wannan makulli ka kai wata kwamfuta, babu abin da zai buɗe maka. Kuma lasisin da aka samu ta ɗagawa, halin uwarsa yake gada: in daga OEM ya fito, OEM ne har gobe. Wani abin kuma, tun watan Satumbar 2023 Microsoft ya toshe hanyar amfani da makullin Windows 7 da 8 wajen kunna sabuwar Windows 10 ko 11. Don haka takardar nan mai sheƙi da ke manne a ƙasan tsohuwar laftof ɗinka, kada ka bari wani ya sayar maka da irinta.

A ce yanzu ka tabbatar naka Retail ne na gaskiya. Kafin ka taɓa komai, ka nemo makullin nan mai haruffa da lambobi 25, ko a kwalinsa ko a saƙon imel ɗin da aka turo maka ranar saye, ka rubuta shi a takarda. Sannan ka shiga tsohuwar kwamfutar da asusunka na Microsoft, ka duba shafin Activation a cikin Settings, ka ga ya ce an haɗa lasisin da asusun. Wannan matakin shi ake yawan tsallakewa, kuma shi ne yake ceton mutum daga baya.

Daga nan sai cirewa. A Command Prompt ɗin dai, ka rubuta slmgr /upk, wannan ya cire makullin daga kwamfutar. Ka biyo da slmgr /cpky, wannan ya goge shi daga rajistar Windows don kada wanda ya gaji na'urar ya tono shi. Shi ke nan ta ɓangaren tsohuwa.

Sai dai a san wani abu: umarnin nan biyu ba sa aika wa Microsoft wani saƙo cewa ka saki lasisi. Aikinsu a cikin kwamfutarka ya tsaya. Shi ya sa wani lokaci za ka je sabuwar, ka rubuta slmgr /ipk tare da makullinka, ka biyo da slmgr /ato, sai ta ce maka an riga an yi amfani da shi a wata na'ura. Kada hankalinka ya tashi, ba cinye maka aka yi ba. Ka koma shafin Activation, ka danna Troubleshoot, ka zaɓi wurin da ke cewa ka canza kayan na'ura kwanan nan, ka shiga da asusun nan da ka haɗa, ka zaɓi tsohuwar kwamfutar a jerin. In ya ƙi, sai ka yi magana da masu taimakon Microsoft ta manhajar Get Help, kuma za su iya neman shaidar saye. Duk wannan sai da intanet mai ɗan ƙarfi, don haka wanda yake ƙauyen da sabis sai an hau tudu, gara ya bari sai ranar da ya shiga gari. Kuma makullin Home ba ya kunna Pro, na Pro ba ya kunna Home. Amma na Windows 10 yana kunna Windows 11 in dai ajinsu ɗaya.

Yanzu ga abin da ni a ganina ya fi duk wannan muhimmanci ga ɗan shagon Dambatta ko Bichi. Mafi yawanmu ba ma buƙatar wannan jigilar ma sam. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, manyan kamfanoni suka daina manna makulli a takarda, suka koma dasa shi a cikin bod ɗin kansa. Ma'ana, EliteBook ko Latitude ko ThinkPad ɗin da ka sayo ta gwanjo, akwai yiwuwar ta zo da lasisinta na asali a ciki, wanda wani kamfani a Ingila ko Amurka ya riga ya biya. In ka sauko da Windows daga shafin Microsoft kai tsaye, ka ɗora a filas, ka saka ajin da ya dace da makullin, da zarar ta ga intanet za ta kunna kanta, ba ka biya ko sisi ba.

Abin takaicin shi ne yadda ake binne wannan lasisi. Mutum ya kai kwamfuta a yi mata fomatin, mai gyara ya zaro filas ɗinsa na kullum, ya ɗora Windows ɗin da aka yi wa kwaskwarima, ya kashe Defender, ya kunna wata 'yar manhajar fasa ƙauri, rubutun nan na kusurwa ya ɓace, a ce an gama. An ɗora na bogi a kan na gaske, kuma an karɓi kuɗin aiki. Ba duka masu gyara ke yin haka da mugun nufi ba, wasu haka suka koya a wajen ubangidansu. Amma kai da kwamfutarka kana iya bincika. Ka rubuta slmgr /xpr. Na gaskiya zai ce an kunna ta dindindin. In ya ba ka ranar ƙarewa, ko kuma /dli ya nuna VOLUME_KMSCLIENT a kwamfutar da ba ta wata ma'aikata ba, to an yi maka dabara. Tsarin KMS na manyan ma'aikatu ne, kwana 180 yake bayarwa sannan a sabunta, kuma shi 'yan fasa ƙaurin ke kwaikwayo.

Wani zai ce, to ina ruwana, tunda tana aiki? Ka tuna me ke shiga kwamfutar shagonka. Lambar NIN ta mutane, BVN, hotunan fasfo, kalmar sirrin shafin makaranta, wani lokaci har bayanan katin banki na wanda ya zo a biya masa kuɗin rajista. Manhajar da sai ka kashe mai gadi kafin ta shiga, ka ba ta ikon yin komai a na'urar. Masu binciken tsaron intanet sun sha kama kwafe-kwafen irin waɗannan manhajoji, musamman masu ɗauke da sunan KMSpico, an cusa musu ɓarayin kalmar sirri. A birni in aka kwashe kuɗin kwastoma, zai yi faɗa ya tafi. A garin da kowa ya san gidan kowa, maganar har gaban mahaifinka za ta je, kuma shagon ba ya sake tashi.

Sai batun makullan araha da ake talla a Facebook da WhatsApp. A shagon Microsoft na Amurka, Windows 11 Home dala 139 ce, Pro kuma kusan dala 200. In wani ya ce zai ba ka Pro da kuɗin katin waya, ka tambayi kanka daga ina ya samo. Gaskiya ne a Turai akwai kasuwar lasisin hannu, tun bayan hukuncin da Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2012 a shari'ar UsedSoft da Oracle, wanda ya halatta sake sayar da lasisin manhaja bisa wasu sharuɗɗa. Amma wannan bai wanke kowane makulli da ke yawo ba. Da yawansu na Volume ne da aka yanko ana sayar wa mutane barkatai. Zai kunna yau, ranar da ka sake fomatin ya ƙi, ka nemi mai tallan ka tarar ya canza lamba.

Wanda bai da kuɗin lasisi kuma kwamfutarsa ba ta zo da shi ba, ya san cewa Windows ɗin da ba a kunna ba tana aiki kuma tana karɓar sabunta tsaro. Za ta bar maka rubutu a kusurwa, ta hana ka canza hoton fuska da launuka. Ba hanyar zama ba ce, domin yarjejeniyar ta ce a mallaki lasisi, amma kafin kuɗin kaka ya shigo, ta fi manhajar fasa ƙauri aminci nesa ba kusa ba.

Ita kuma tsohuwar da ba ta hau Windows 11 ba, ba lallai ta koma kayan gwangwan ba. Microsoft ya buɗe wa masu Windows 10 zubin 22H2 wani tsarin ƙarin tsaro mai suna ESU har zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ko dai a biya dala 30, ko a samu kyauta in mutum ya yarda ya adana saitinsa a asusun Microsoft. Akwai kuma Linux Mint, wadda babu maganar lasisin kuɗi a cikinta, tana tafiya lafiya a tsohuwar na'ura, ta ishi yaro koyon buga rubutu da shiga intanet. Sai dai ka fara gwada firintarka da manhajar gwajin jarrabawar da kake amfani da ita, don wasu a Windows kawai suke tashi.

In kuwa sayar da ita za ka yi wa wani a ƙauyen gaba, kuma lasisinta OEM ne, kada ka wahalar da kanka da /upk. Ka kwashe takardun mutane zuwa filas, ka yi mata Reset tare da zaɓin goge komai da share rumbun ajiyar, ka cire ta daga jerin na'urorin asusunka na Microsoft. Lasisin kuma ka bar wa mai saye, ka buɗe shafin Activation ka nuna masa da idonsa kafin a fara ciniki, ka ƙara kuɗinsa a farashi.