Tahiya Ruwan Zahi na Tafadek: A Shirya Kahin a Tashi

Idan an gama aikin kaka an cika rumbu, mutane da yawa sukan yi niyyar tahiya Tafadek neman sauƙin ciwon jiki. Wani ya sayar da akuya, wani ya taɓa hatsin gida. Tun da tahiyar tana cin dukiya, ya kamata mu san abin da ruwan yake iya yi, da abin da ba ya iyawa.

Ina ne Tafadek?

Tafadek yana cikin duwatsun Abzin, arewa da birnin Agadas. Tsakaninsu bai kai kilomita 100 ba. Mutumin Damagaram yana bi ta Tanut, tahiyar wajen kilomita 450 kahin Agadas. Mutumin Tawa yana bi ta Abalak, wajen kilomita 400.

Me ya sa ruwan yake da zahi?

Ruwan sama ne da ya nutsa cikin ƙasa tun da daɗewa. Cikin ƙasa akwai zahi. Duk mita 100 da aka ƙara zurhi, zahi yana ƙaruwa da kamar digiri 3. Can ƙasa ruwan yake ɗaukar zahi da gishirin duwatsu, sannan ya biyo tsagar dutse ya ɓulɓulo waje.

Anfaninsa da iyakarsa

Ɗumin ruwa yana sassauta jijiyoyi, yana sa jini ya gudana sosai. Shi ya sa mai sanyin ƙashi, da mai ciwon baya ko gwiwa, sukan ji sauƙi. Wannan gaskiya ne.

Amma ruwan ba ya kashe ƙwayar cuta da ke cikin jiki. Tarin huka sai an sha magani wata 6. Kuturta tana da maganinta, ana shan shi wata 6 zuwa 12, kuma tun shekarar 1995 ake ba da shi kyauta a duniya. Wanda ya bar maganinsa ya dogara ga wanka, cutar za ta komo da ƙarhi.

Su wa ya kamata su yi hattara?

Zahin jikin mutum digiri 37 ne. Ruwan da ya wuce digiri 40 yana gajiyar da zuciya. Saboda haka waɗannan mutane kada su shiga sai da izinin likita:

1. Mace mai ciki, balle a watanni 3 na farko.
2. Mai hawan jini ko ciwon zuciya.
3. Mai ciwon suga, don sau da yawa ƙafarsa ba ta jin zahi, sai ta ƙone bai sani ba.
4. Mai farfaɗiya, don tana iya kada shi cikin ruwa.
5. Mai gyambo ko sabon rauni.
6. Ƙananan yara da tsohon da ba shi da ƙarhi.

Yaushe za mu tashi?

Lokacin da ya hi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina koramun Abzin suna kawo ruwa ba zato, su tare hanya, ga kuma gona tana jiran mu. Da bazara zahin rana da na ruwa sun yi wa jiki yawa.

Me za mu shirya?

Da farko mu je asibitin garinmu a auna jininmu, mu faɗa wa likita niyyarmu. Mu riƙe maganinmu wanda zai kai mu har komowa, da takardun shaida. Mu ɗauki bargo, don daren Abzin da hunturu akwai tsananin sanyi. Mu ɗauki guzuri, da jarkar ruwan sha, da zanen goge jiki namu na kanmu. Kuɗin mota na komowa mu ware shi daban tun daga gida. A Agadas mu tambayi labarin hanya da zaman lahiyarta wajen hukuma da direbobi, kuma kada mu yi tahiyar dare. Marar lahiya kada ya tahi shi kaɗai.

Yadda ake wankan

Mu taɓa ruwan da hannu tukuna, sannan mu shiga sannu a hankali. Minti 10 zuwa 15 sun isa, sai mu hito mu huta a inuwa. Mu sha ruwan sanyi kahin wanka da bayansa, don gumi yana rage ruwan jiki. Kada mu nutsar da kai, kada ruwan ya shiga hanci. Wanda ya ji jiri ko bugun zuciya ya hito nan take. Mu bar wurin da tsabta saboda na bayanmu.

Lahiya uwar jiki ce. Wanda ya ji wannan bayani, ya karanta wa maƙwabcinsa da ke shirin tahiya, tun bai kai akuyarsa kasuwa ba.