Wasannin Faɗa Na Jafan A Bakin Masana'antun Kano

Duk wanda ya bi ta unguwannin da ke maƙwabtaka da masana'antun Kano, watau kamar Dakata kusa da Bompai, ko Ja'en kusa da Sharaɗa, ko Panshekara ta wajen Challawa, ba zai rasa ganin waɗansu 'yan shaguna da samari ke cikawa bayan la'asar ba. Su ne ake kira gidajen gem. A ciki akwai benci, da talabijin, da na'urar wasa irin su PlayStation, a waje kuwa ga janareta yana ruri. Mutum biyu su zauna su kara, saura na kallo suna jiran layi, wanda aka ci ya tashi. Wasan ƙwallon ƙafa shi ne sarki a irin waɗannan wurare, sa'an nan wasannin faɗa su biyo baya.

A cikin wasannin faɗan nan akwai wani iri da aka ɗauko daga tatsuniyoyin zane na mutanen Jafan. Malaman makaranta da yawa sukan ji almajiransu na gardama a kan Goku da Naruto, ba su san ko su wane ne ba. Don haka muka ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu asalin abin, da yadda masu bugawa ke karɓar waɗansu su yar da waɗansu, domin a cikin hukuncin nasu akwai darasi ga garin da ke alfahari da sana'a.

Asalin Abin

A ƙasar Jafan akwai wata mujalla ta samari mai fitowa mako mako, sunanta Shonen Jump, wadda aka fara bugawa a 1968. Labaranta duk da zane ake ba da su, hoto bayan hoto, da maganar kowa a rubuce kusa da bakinsa. A 1984 wani mai zane, Akira Toriyama, ya fara labarin Dragon Ball a cikinta, ya yi ta jansa har 1995. Labarin wani yaro ne mai wutsiyar biri, ana ce da shi Goku, da waɗansu duwatsu bakwai waɗanda in an tara su sai wani ƙaton dodo mai siffar maciji ya fito ya biya wa mutum bukata. Toriyama ya rasu cikin watan Maris na 2024. A 1999 kuma Masashi Kishimoto ya fara Naruto, labarin wani maraya da aka kulle aljanin yanyawa mai wutsiya tara a cikinsa, mutanen garinsu na gudunsa, shi kuwa ya ɗaura niyyar sai ya zama shugabansu. Wannan ya ƙare a 2014, bayan babi 700.

In labari ya karɓu a takarda, sai a mai da shi majigin zane mai motsi da murya, wanda suke kira anime. In ya karɓu nan ma, sai kamfanonin wasa su sayi izini su mai da shi wasan na'ura, inda mai bugawa zai zaɓi jarumin da yake so, ya sarrafa shi da maɓallai, ya kara da wani. To, a wannan mataki na uku ne ake samun matsala.

Ma'auni Biyu

Mai ba da labari yana da 'yancin ya fifita jaruminsa bisa kowa. In Goku ya fi abokan gabansa ƙarfi ninki goma, ba wanda zai yi ƙorafi, don abin da aka zo ji ke nan. Amma wasa ba haka yake ba. Yara biyu da suka biya kuɗi daidai, suka zauna a benci ɗaya, kowannensu yana so ya tabbata iyawarsa ce za ta fisshe shi, ba sunan jarumin da ya riga ɗan'uwansa zaɓa ba.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan. Mawaƙin dambe, irin su Ɗan Anace da ya yi wa Shago waƙa, yana iya kai gwaninsa inda ya ga dama da baki. Amma in an shiga fage, 'yan kallo ba waƙa suke dubawa ba, suna duban wanda ya kai ƙasa ne, kuma in suka ga an yi coge sai su tashi. Haka masu buga waɗannan wasanni suke riƙe da ma'auni biyu. Na fari, shin jarumin ya yi kama da wanda suka sani, a tsayuwarsa da muryarsa da irin dukansa? Na biyu, shin faɗan da gaskiya ake yinsa, har wanda ya fi ƙwazo da horo shi ne zai ci? Wasan da ya cika ɗaya ya bar ɗaya, ba ya daɗewa a hannunsu.

Wanda Ya Ci Da Wanda Ya Faɗi

Ga misalin wanda ya cika duka biyu. A watan Janairu na 2018 aka fito da Dragon Ball FighterZ, aikin wani kamfani na birnin Yokohama mai suna Arc System Works, wanda dama sana'arsa ke nan, ƙera wasannin faɗa. Sun zana shi har mai kallo daga nesa zai ce majigin ne kansa, sa'an nan suka tsara faɗan uku da uku, suka daidaita ƙarfin jarumai yadda ƙarami zai iya ka da babba in mai riƙe da shi gwani ne. Cikin mako guda aka fitar da miliyan 2. A shekarar nan kuwa, a babbar gasar wasannin faɗa da ake kira Evo a birnin Las Vegas na Amurka, mutum 2,575 suka shiga dominsa, ya fi kowane wasa yawan masu shiga. Karon ƙarshe tsakanin Amurka da Jafan aka yi shi, kambu ya zauna a Amurka.

Ga kuma wanda ya faɗi. A watan Fabrairu na 2019 aka fito da Jump Force, don murnar cikar mujallar nan shekara 50. An tara masa manyan jarumanta wuri ɗaya, Goku da Naruto da sauransu, kowa ya ɗauka ba mai ja da shi. Da fari an saye shi ƙwarai, gama suna ya ja mutane. Amma da aka buga sai kuka ya tashi. An zana jaruman kamar mutane na gaske, sai suka fito kamar gumaka, ba su zama mutane ba, ba su zama zanen da aka sani ba. Labarin ciki ba armashi, jira kafin a fara kowane karo ya yi yawa, faɗan kuma ba zurfi. A watan Fabrairu na 2022 aka daina sayar da shi ta intanet, a watan Agusta na shekarar aka rufe yawancin fagen karawarsa ta intanet. Irin wannan ta sami Jujutsu Kaisen Cursed Clash a 2024, wanda labarinsa ke tashe a lokacin, amma masu bugawa suka ga an ba su labarin da hotuna a tsaye, ba motsi, suka ce an sayar musu da suna ne kurum.

Akwai na tsakiya kuma. Dragon Ball Sparking! Zero ya fito a watan Oktoba na 2024 da jarumai fiye da 180, aka sayar da miliyan 3 cikin kwana ɗaya. Masu shi da gangan suka bar kowane jarumi da ƙarfin da labari ya ba shi. Masu son labari suka yi murna. Masu son gasa kuwa suka koka, suka ce kowa ya koma zaɓen 'yan tsirarun nan masu ƙarfi, waɗansu kuma in sun ga za a ci su ta intanet sai su katse wasan su gudu.

Ma'aunin Kano

A gidajen gem na bakin masana'antunmu akwai ma'auni na uku, wanda mai ƙera wasa a Tokiyo ba lalle ya tuna da shi ba. A ƙasashen masu arziki yawanci kowa a ɗakinsa yake, yana karawa da wani ta intanet. A nan kuwa kafaɗa da kafaɗa ake zama, talabijin ɗaya, na'ura ɗaya. Saboda haka wasan da bai ba mutum biyu damar karawa a wuri ɗaya ba, ba shi da amfani ga mai shago, kome kyansa. Shi Sparking! Zero da ya fito, fage ɗaya tak ya ba masu zama tare, sai da kuka ya yi yawa aka ƙara sauran daga baya. Ban da haka ba a yi shi don PlayStation 4 ba, balle waɗanda suka girme ta.

Sa'an nan ga maganar wuta. Ƙarancin lantarkin da ya taimaka wajen durƙusar da masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa, shi ne ke sa mai gidan gem dogara ga janareta, man fetur kuwa ya yi tsada tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Duk mintin da aka ɓata ana jiran wasa ya buɗe, mai ne ke ƙonewa. Wannan shi ya sa tsohon wasa mai saurin tashi, wanda karonsa ba ya daɗewa, kamar Budokai Tenkaichi 3 na 2007 a kan PlayStation 2, ko Naruto Ultimate Ninja Storm 4 na 2016, ya fi dacewa da irin wannan zama bisa sabo mai tsada. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Fata Da Takalmi

Mutumin Challawa zai gane wannan magana da sauri. Can ne manyan majemun zamani suke, inda ake gyara fatun awaki da tumaki a tura su Turai, musamman Italiya da Sifen, a yi takalma da jakunkuna. Kowane badukun Kano ya san kyan fata dabam, kyan takalmi dabam. In ɗinki ya ɓaci, ko takalmi ya matse ƙafa, ba wanda zai sa shi don an ce masa fatar jan akuyar Sakkwato ce. Labari shi ne fata, wasa shi ne takalmi. Jump Force ya sami fatar da ba ta da na biyu, ya rasa baduku. FighterZ ya sami duka.

To, mu fa? Fatun labari muna da su jibge. Ga Ganɗoki na Malam Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933. Ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Malam Ahmadu Ingawa. Ga Bayajida da macijin rijiyar Kusugu, ga Gizo da Ƙoƙi, ga dambe da kokawa da sharo. In ana maganar jarumai da aljannu da tafiye-tafiyen ban mamaki, ba abin da yaron Naruto zai nuna wa Ganɗoki. Kada kuma a ce aikin ya fi ƙarfin Afirka. A 2016 waɗansu samari a birnin Yawunde na Kamaru, ƙarƙashin Olivier Madiba, suka fito da wasa mai suna Aurion, wanda suka gina bisa al'adun nahiyar nan, aka saye shi a ƙasashen waje, alhali su ma da ɗaukewar wuta suka yi ta fama. Abin da ake bukata shi ne mai zane, da mai tsara labari, da mai kiɗa, da wanda ya iya lissafi da rubuta umurnin kwamfuta. Duk waɗannan a aji ake fara yinsu.

Kira Ga Malamai

Ba mu ce a sakar wa yara linzami ba. Yaron da ya bar aji ya tafi gidan gem, ko ya kai kuɗin tara can, lalle a tsawata masa. Ya kamata kuma iyaye da malamai su san cewa a jikin kwalin wasannin da aka yi don kasuwar Turai akwai lamba mai nuna shekarun da suka dace: FighterZ 12 ne, amma Mortal Kombat na zamanin nan 18 ne saboda yawan jini, bai kamata a bar ƙananan yara gabansa ba. Masu shaguna su ma su ji wannan.

Amma bayan tsawa sai tambaya. Malam, in ka ji almajiranka na gardamar wane wasa ya fi, ka sa su rubuta dalilansu cikin Hausa mai kyau, shafi guda. Ka karanta musu Ganɗoki, ka ce su zana shi, su faɗi irin makaminsa da inda rauninsa yake, da yadda za a yi ya kara da Iliya ba a zalunci kowa ba. Yaron da ya iya gane aikin ha'inci a wasan da aka ƙera a Jafan, ya riga ya sami idon mai sana'a, saura hannu. Kano ta daɗe tana fitar da ɗanyar fata tana sayen takalmi. Muna fata kada a wayi gari wani ya zo ya ɗauki tatsuniyoyinmu su ma, ya ɗinka, ya komo ya sayar wa jikokinmu.