Ruwan kwamin yara ya koma kore? Uwargida, duba matatar

Da zarar zafin bazara ya kankama, gidaje da dama a Kano, Kaduna da Abuja kan kafa kwamin ninkaya na roba a tsakar gida, irin su Intex da Bestway, don yara su samu sanyi. Ranar farko ruwa garau. Bayan kwana huɗu ko biyar ya fara dishi-dishi, kafin mako ya zagayo ya koma kore, gefen kwamin na santsi. Sai a ɗora wa ruwan burtsatse laifi, alhali sau da yawa matatar ce ta yi wa kwamin kaɗan.

Abin ya wuce batun kyan gani. Ruwan da ba a hango ƙasansa zai iya ɓoye yaron da ya sulale ciki, kina tsaye a wurin. In ba kya ganin ƙasan kwamin sarai, kada kowa ya shiga.

Kafin ki sayi matata, ki san ruwan da kwaminki ke ci. In mai kusurwa huɗu ne, ki auna tsawo, faɗi da zurfin ruwa da mita, ki ninka su, sannan ki ninka da 1,000. Mai mita 4 da mita 2 da zurfin mita 1 yana cin lita 8,000. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce duk ruwan ya bi ta matata cikin awa 6 zuwa 8, kullum.

To, amma wace uwa ce ke da tabbacin wutar awa 8 a jere? Ki yi lissafi da wutar da kuke samu a zahiri. In awa 4 ce, lita 8,000 na bukatar injin da ke jan lita 2,000 a awa. Ki kuma haura hakan, domin adadin da ke jikin kwali yana raguwa da zarar an haɗa tiyo, matata kuma ta fara ɗaukar datti. Hattara da mai shagon da zai ba ki babban inji da ƙaramar matata. Ƙarfin ruwan zai tura dattin ya wuce, ya dawo cikin kwamin. Matata ta fi ƙarfin inji ba matsala, inji ne bai kamata ya fi ƙarfinta ba.

Ƙananan kwami kan zo da matata mai naɗaɗɗiyar takarda. Tana kama datti mai laushi, sai dai ƙurarmu na toshe ta da wuri. Ki kashe inji, ki ciro ta, ki fesa mata ruwa tsakanin ninkin duk bayan kwana biyu, ki canza sabuwa bayan kamar mako biyu. Ni dai ina ganin kwamin da ya kai lita 8,000 ya cancanci matata mai yashi. Tana da tsada a farko, amma yashinta kan kai shekara 3 zuwa 5. Yashi ne na musamman, kada a zuba miki na gini. Ki rubuta inda allurar agogonta ta tsaya ranar da aka kafa ta. In ta haura da maki 8 zuwa 10 a ma'aunin psi, lokacin wanki ya yi: a kashe inji, a juya hannun zuwa wankin baya, a kunna har ruwan da ke fita ya washe.

Matata tana cire datti ne, kashe ƙwayoyin cuta da gansakuka aikin kulorin ne. Ki nemi 'yan takardun gwaji, ki riƙe kulorin tsakanin 1 da 3, ma'aunin pH kuma 7.2 zuwa 7.8. Yaron da ke gudawa kada ya shiga, don akwai ƙwayar cutar da ke jure kulorin kwanaki.

Lokacin da yara ke cikin ruwa, ki cire injin daga soket gaba ɗaya. In sun fito ki mayar, ki rufe kwamin da murfinsa, ki ɗauke tsanin.