Inda Ɗalibanmu Ke Maƙalewa Kafin Su Fara Ƙera Manhajar Waya

Kowane zangon karatu, ɗalibai da dama a sassan kimiyyar kwamfuta kan zo da burin ƙera manhajar waya. Wannan yana son ta lissafin adashe, wancan ta farashin hatsi a kasuwar Dawanau. Mafi yawansu sun iya rubuta umarnin kwamfuta daidai gwargwado. Sai dai a shekarun da na yi ina koyarwa, na lura cewa da yawansu tun a bakin ƙofa suke tsayawa, wato wajen girka kayan aikin da ake kira SDK.

SDK tarin kayan aiki ne da mai tsarin waya ke bayarwa domin a juya abin da aka rubuta ya zama manhajar da waya za ta iya buɗewa. A ɓangaren Android, hanyar da aka saba bi ita ce Android Studio, wadda Google ya fitar da cikakkiyar sigarta ta farko a watan Disamba na 2014. Kyauta ce, amma kyautar tana da nauyi. Fayil ɗin farko kaɗai ya haura gigabayit ɗaya. Da an girka shi, sai ya nemi sauke wasu sassan, sannan a ranar da za a haɗa manhajar farko, wata manhaja mai suna Gradle ta shiga nata sauke-sauken. Idan intanet ta yanke ko wuta ta ɗauke ana tsaka da wannan, jan rubutu ne zai cika fuskar kwamfutar, cikin Turancin da ko malami sai ya natsu kafin ya gane shi. Ɗalibin da ya ƙone datar mako guda a dare ɗaya yakan ɗauka kansa ne bai ja ba, alhali layin sadarwa ne ya ci amanarsa.

Sai batun kwamfutar ita kanta. Google na son a samu aƙalla gigabayit 8 na RAM, kuma wayar gwaji da ake kunnawa a cikin kwamfuta ta fi haka ci. Yawancin kwamfutocin ɗalibanmu kuwa na hannu ne, masu gigabayit 4. A nan shawarata ita ce a manta da wayar gwajin gaba ɗaya. Tecno ko Infinix da ke aljihun ɗalibi ta wadatar: ya shiga saitin wayar, ya danna lambar sigar tsarin sau bakwai, sashen masu ƙera manhaja ya buɗe, ya haɗa ta da kwamfuta ta igiyar USB. Ni ina ganin ma ta fi, domin a kanta ne zai ga yadda ƙ da ɗ da ɓ za su fito, da yadda manhajarsa za ta yi a irin wayar da mutanensa ke riƙewa.

Batun iPhone a jingine shi tukuna. Xcode ba ta aiki sai a kwamfutar Mac, kuma Apple na karɓar dala 99 duk shekara, yayin da Google ke karɓar dala 25 sau ɗaya. Ko Flutter, da ta yi alƙawarin rubutu ɗaya ga wayoyin biyu, ba ta raba mutum da Mac ɗin ba.

Abin da ya rage na hukumomin jami'o'i ne. Manhajar karatunmu na ware makonni ga ka'idojin Java a jikin allo, amma girka kayan aiki an bar wa ɗalibi ya yi a ɗakin kwanansa. Kamata ya yi sashe ya sauke komai sau ɗaya, ya ajiye a faifai ko a kwamfutar ɗakin gwaji, a ware makonni biyun farko ga girkawa, a kuma ba shi maki. Faifan zai buƙaci sabuntawa farkon kowace shekarar karatu, domin Google na fitar da sabon Android duk shekara, kuma Play Store ba ta karɓar sabuwar manhajar da aka gina kan tsohuwar siga.