Yoyon Baƙin Mai a Injin Tsohuwar Babbar Mota

A tashoshin manyan motoci na Kano, Maraɗi ko Damagaram, ba a rasa ganin baƙin tabo a ƙasa inda mota ta kwana. Wannan tabo alama ce ta yoyon man inji, wanda makanikai ke kira baƙin mai. Za mu ɗauki misali da Mercedes-Benz 911, motar nan mai gajeren hanci da kamfanin ANAMMCO ya riƙa harhaɗa irinta a Enugu daga shekarar 1980. Yawancinsu suna ɗauke da inji samfurin OM 352 mai silinda shida, wanda aka fara ƙerawa a Jamus a 1964.

Aikin mai shi ne hana ƙarafan inji gogar juna, da rage musu zafi. In ya tsiyaye, ƙarafan sai su yi zafi su cije, a nan ne ake cewa inji ya buga. Gyaran injin da ya buga ya ninka kuɗin toshe yoyo nesa ba kusa ba.

Matakin farko shi ne tabbatar da abin da ke ɗiga. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kansa. Man injin gas baƙi ne wuluk. Man giya ya fi shi kauri, yana da wari irin na farar wuta. Gas kuwa, wanda ake ce wa gazuwal a Nijar, tsararo ne, ƙanshinsa ba ya ɓuya. Daga nan sai a zaro sandar awon mai a duba, motar tana tsaye a wuri mai daidai. In man ya wuce layin sama, yawansa ma kan jawo yoyo.

Mataki na biyu shi ne neman tushen yoyon. Inda mai ya ɗiga ba lalle nan ne ya fito ba, domin yana gangarowa ƙasa, iskar fanka kuma tana kora shi baya. Saboda haka ake wanke injin da kalanzir ko gas, a bari ya bushe, a barbaɗa hoda a inda ake zato. Sai a tayar da shi kamar minti 15, a bi shi da tocila daga sama zuwa ƙasa, ana kaffa-kaffa da fanka da bel. Wuri mafi tsawo da ya jiƙe shi ne tushen.

Wuraren da aka fi samun matsala shida ne. Akwai fakin na murfin saman inji, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin ƙarfe biyu don hana mai fita. Akwai robar filta, da bututun da ke kai mai ga agogon matsin mai. Akwai notin juye na ƙasan kwanon mai da wosharsa, sai fakin na kwanon kansa. Na ƙarshe su ne zobban roba biyu, da ake kira sil, na gaba da na bayan karanshaf. Zafi da shekaru ke busar da roba har ta tsage, ƙura kuma tana cinye bakinta.

Gyaran na sama da sauƙi. A cire murfin, a kankare tsohon fakin tas, a goge fuskokin biyu, a sa sabo. Ana ɗaure notina daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, domin ɗaurin ƙarfi yana lanƙwasa murfi, yoyo ya ƙaru. Wosha ta tagulla a kan canza ta duk lokacin juye. Gam kuma ba a lafta shi: abin da ya ɓalle yakan faɗa cikin kwano ya toshe rariyar famfon mai.

Sil na baya shi ne babban aiki, don sai an sauke akwatin giya. Alamarsa ita ce ɗiga a mahaɗar inji da giya, wani lokaci har mai ya jiƙa kuloci mota ta riƙa santsi a hawa. Kafin a shiga ƙarƙashi, a sa weji a tayoyi, kada a dogara da jak kaɗai. In an zare tsohon sil, a shafa yatsa a jikin karanshaf. Idan ya yi zanen rami, sabon sil ma ba zai daɗe ba.

Akwai dalili guda da ake yawan mantawa da shi. Kowane inji yana da ƙofar numfashi da ke fitar da hayaƙin da ya kutsa cikin kwanon mai. In ta toshe, ko zobban fistin suka cinye, iska tana taruwa a ciki ta turo mai ta kowace kafa. Wanda ya canza sil bai duba wannan ba, zai sake kwance motar nan da 'yan makonni.

Bayan gyara, a sake wanke injin, a yi tafiya gajera, a duba da tocila. Man da aka juye a tara shi a jarka, kada a zubar a ƙasa, domin yana iya kaiwa ga ruwan rijiya. Direba kuma ya zaro sandar awo kowace safiya kafin ya tayar da inji.