Sa Ido Kan Illar Maganin Rigakafin Zazzaɓi A Arewacin Zamfara

A ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, lokacin damina shi ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi kowane wata har ruwa ya ɗauke. Wannan shawara ta biyo bayan gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe irin su Senegal da Mali da Burkina Faso, inda aka ga zazzaɓin ya ragu ƙwarai.

To, amma yaron da ake ba wannan magani lafiyarsa ƙalau. Saboda haka ko ƙaramar illa ce ta same shi, abin dubawa ne. A wurin gwaji ma'aikata suna komawa gidaje, su tambayi iyaye, su rubuta ko amai ne, ko ƙuraje, ko ciwon ciki. Da aka fara rabo ga miliyoyin yara, wannan bin diddigi ya faskara.

A 2015 da 2016 shirin ACCESS-SMC, wanda ƙungiyar Malaria Consortium ta jagoranta, ya raba maganin a ƙasashe 7, har da jihohin Sakkwato da Zamfara. An ba da shi sau fiye da miliyan 37. Rahoton da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya nuna an sami ƙorafi 779, daga ciki 36 masu tsanani, 31 kuwa na ciki ne. Ba a sami rahoton mummunan saɓulewar fata da ake tsoro daga magungunan sulfa ba.

Labari ne mai daɗi, sai dai ƙidayar ta tsaya ne kan abin da ya isa takarda. Mai rabo yana ba da maganin ranar farko a gabansa, na rana ta biyu da ta uku kuwa uwa ce ke bayarwa a ɗakinta. Idan yaro ya yi amai da dare, ita kaɗai ta gani. Sai ta kai shi asibiti, ma'aikaci ya cika takardar NAFDAC, sa'an nan ya shiga lissafi. A ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, inda 'yan bindiga suka hana mutane bin hanya, wannan tafiya ba ƙaramar aba ba ce.