Samu Da Naira, Biya Da Dala: Abin Da Ya Durƙusar Da Ƙananan Kamfanonin Jiragen Sama

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Legas, Kano, Kaduna da Fatakwal a farkon shekarun 1990 zai tuna da yadda kamfanonin jiragen sama masu zaman kansu suke rububin fasinja, irin su Kabo Air, Okada Air, ADC, Harka, Concord da Triax. A yau babu ko ɗaya daga cikinsu da yake jigilar fasinja a waɗannan hanyoyi. Babban abin da ya karya galibinsu shi ne, cinikinsu da naira suke yi, amma ɗawainiyarsu da dala suke biya.

'Yan kasuwa sun shiga wannan harka ne cikin shekarun 1980, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta sassauta kakagidan da kamfanin Nigeria Airways ya yi. Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a Kano cikin 1980, shi kuwa Cif Gabriel Igbinedion ya kafa Okada Air a Benin. Da yake jarinsu bai taka kara ya karya ba, yawancin kamfanonin sun sayo tsofaffin jirage ne samfurin BAC One-Eleven da Boeing 727, waɗanda kamfanonin Turai da Amurka suka gama yayinsu.

Arahar ba ta yi ado ba. Cikin 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta soma zubewa. Dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985, ta kai wajen naira 22 a 1993. Daga 1995 kuwa, ko da yake farashin hukuma ya tsaya a naira 22, 'yan kasuwa sai sun biya naira 80 ko fiye kafin su sami dala guda.

Tsohon jirgi yana shan mai fiye da sabo, yana kuma yawan neman gyara. Kayayyakin gyara, babban garambawul da ake yi wa jirgi a ƙasashen waje, inshora, kuɗin haya da horon matuƙa, duk da kuɗin waje ake biyansu. Ƙara kuɗin tikiti kuwa bai zama mafita ba, domin tsadar rayuwa ta riga ta kori fasinjoji da dama zuwa motocin safa na dare. Bugu da ƙari, kujerar jirgi ba haja ba ce da za a ajiye a shago sai gobe. In jirgi ya tashi da ita babu kowa, kuɗinta ya tafi ke nan. Bankuna su ma bashin gajeren lokaci suke bayarwa, da kuɗin ruwa mai nauyi.

A sakamakon haka, Okada Air ya daina aiki cikin 1997. Bayan haɗarin jirgin EAS a Kano ranar 4 ga watan Mayun 2002, gwamnati ta dakatar da jiragen BAC One-Eleven, jarin masu su ya zama ƙarafa a gefen filin jirgi. Cikin 2007 aka wajabta wa kamfanin da yake jigilar cikin gida mallakar jarin naira miliyan 500, kamfanoni irin su ADC, Sosoliso da Albarka suka kasa cika sharaɗin. Kabo Air ya fi takwarorinsa daɗewa, domin ya bar jigilar cikin gida ya koma ɗaukar alhazai da jiragen Boeing 747, inda ake sanin yawan fasinja tun kafin tashi.

Tarihi ya maimaita kansa a karayar tattalin arziki ta 2016, lokacin da dala ta tashi daga naira 197 zuwa wajen naira 280 cikin watan Yuni. Aero Contractors ya dakatar da jigila a watan Satumba, sannan a Fabrairun 2017 hukumar AMCON, mai karɓar basussukan da suka gagara biya, ta karɓe ragamar Arik Air.

Darasin bai tsaya ga masu jirage kawai ba. Mai masaƙa, mai gidan buga littattafai da mai motocin dakon kaya, duk wanda injinsa daga waje ya zo, wajibi ne ya lissafa kuɗin gyara a farashin dalar gobe kafin ya yi murnar arahar yau.